Fashin baƙi: Me ya sa tayoyin injinan ɗaga kaya ke saurin mutuwa a sito-siton Kebbi?

Jabu ake sayar mana, ko kuwa mu ne ba mu iya saye ba? Tambayar da ke yawo ke nan a bakin masu kula da sito da makanikai daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega da Yauri, a duk lokacin da aka sa wa jak ɗin falet (keken tura katakon da ake jera buhuna a kai) ko injin ɗaga kaya mai batir sabuwar taya, kafin a je ko'ina ta ɓare daga jikin ƙarfenta ko ta fara zubar da gutsattsari a kan daɓe.

Tambayar ta yi ƙarfi ne saboda yadda aikin sito ya sauya. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, harkar shinkafa ta faɗaɗa a jihar. Ga masana'antar Labana a Birnin Kebbi, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga kuma ƙananan injinan casa da ɗakunan ajiyar takin zamani. Buhunan da a da sai a kan 'yan dako, yanzu da yawansu a kan falet ake jera su, a tura da jak ko a ɗaga da fokilif, wato motar ɗaga kaya. Injinan sun iso, amma sanin tayoyinsu bai biyo su da sauri ba.

Jabu kam akwai shi a kasuwa. Sai dai mafi yawan tayoyin da ke mutuwa da wuri, an sa su ne a aikin da ba nasu ba, ko an bar su babu kulawa.

Wace irin roba ce wannan?

Waɗannan tayoyi masu launin ja, rawaya ko ruwan ƙasa, da foliyuretan ake yin su. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai Otto Bayer ne ya gano shi tare da abokan aikinsa a Jamus a 1937. Ruwan sinadarai ne guda biyu ake gauraya, a zuba a kan ƙarfen da aka goge aka shafa wa maganin manni, sannan a gasa na sa'o'i masu yawa har ya kama. Saboda haka taya irin wannan sassa uku gare ta: ƙarfen ciki, fatar foliyuretan ta waje, da kuma mannin da ke tsakaninsu. Mannin ba a ganinsa, amma a nan mafi yawan matsala take farawa.

Abin da ya sa aka fi son sa a cikin sito shi ne, yana ɗaukar nauyi fiye da baƙar roba mai girma ɗaya da shi, sau biyu ko fiye. Ba ya barin baƙin zane a ƙasa, ba ya saurin cinyewa, yana jure mai da giris, kuma yana gangarawa da sauƙi, abin da ke rage wahalar mai turawa da cin batir. Amma duk wannan a kan daɓen siminti mai santsi ne, busasshe, a ƙarƙashin rufi. Tsakar gidan masana'anta mai tsakuwa da jar ƙasa ba wurinsa ba ne. Can aikin tayar iska ce ko baƙar roba mai kauri. Wanda ke fita da jak mai tayar foliyuretan daga sito ya ratsa tsakuwa zuwa bakin tirela, a kowace fita yanka tayar yake yi.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda aka zuba a kan ƙarfe aka gasa, da wanda aka narkar aka matsa a kan ƙoƙon roba mai tauri. Na biyun ya fi araha, kuma ya dace da amalanken kanti ko kaya marasa nauyi. Idan aka sayar maka da shi a matsayin na farko, wannan ne jabun. Ɗauki tayar a hannu ka ji nauyinta, ka kanga mayen ƙarfe a cikinta, ka duba bakin da fata ta haɗu da ƙarfe ko akwai rata ko kumfa.

Launi ba shaida ba ne, tauri kuma ba shi ne ƙarko ba

Mutane da yawa sun ɗauka ja ya fi rawaya, ko ruwan ƙasa shi ne na asali. Launin rini ne kawai da masana'anta ke zubawa. Ko nau'in nan mai tsada da ake kira Vulkollan, wanda kamfanin Bayer ya fito da shi, yanzu kuma yana hannun Covestro, launinsa kan tashi daga rawaya-rawaya ya koma ruwan ƙasa mai duhu idan haske ya daɗe yana dukansa, ba tare da ingancinsa ya ragu ba. Masu kwaikwayo sun san haka, shi ya sa suke rina nasu da wannan launi.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne lambar tauri. Ana auna ta da ma'aunin Shore A. Tayar mota tana wajen 60 zuwa 70. Ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashin cokulan jak (ƙarafan nan biyu da ke shiga ƙarƙashin falet), masu ɗaukar nauyi, galibi 92 zuwa 95 ne. Babbar tayar da ke jan injin mai batir kuwa akan so ta ɗan fi laushi, wajen 85 zuwa 92, don ita ce ke riƙe ƙasa wajen tashi, juyawa da taka birki.

Mai tauri sosai ta fi ɗaukar nauyi, ta fi sauƙin turawa, amma tana santsi a kan ƙura ko danshi, kuma duk wani gargada sai ta miƙa shi ga boris da jikin direba. Mai laushi tana haɗiye ƙananan tsakuwa, tana riƙe ƙasa, amma idan nauyi ya yi mata yawa tana saurin zafi. Inda ƙasa kan jiƙe, akwai tayar ja, wato mai jan injin, mai tsage-tsage a fuska da aka yi musamman domin haka. Wanda ya ce a ba shi mafi tauri domin ta daɗe, sau da yawa santsi da fashewar bakin daɓe ya saya.

Lissafin nauyi, da zafin da ke tasowa daga ciki

Nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi da kyau. A ce an jera buhu 40 na shinkafa mai kilo 50 a kan falet, tan 2 ke nan. Jak na hannu da aka saba gani an rubuta masa kilo 2,000 zuwa 2,500, don haka sai a ga kamar babu laifi. Amma nauyin ba ya rabuwa daidai. Kusan kashi biyu cikin uku yana sauka ne a kan ƙananan tayoyin cokula, sauran a kan manyan tayoyin sitiyari biyu. Ke nan wajen kilo 1,300 na kan ƙananan. Idan jak ɗin mai taya ɗaiɗai ne a kowane cokali, kowacce na ɗauke da kimanin kilo 650. Idan mai bibbiyu ne, nauyin ya rabu gida huɗu. Kuma wannan a ƙasa mai shimfiɗe ne. Da zarar an hau tudu ko an faɗa rami, taya ɗaya kan tashi sama, 'yar uwarta ta ɗauki nauyin su biyu a lokaci guda. Shi ya sa a siton da daɓensa ke da tsaga ko gaɓoɓi, mai bibbiyu ta fi dacewa, domin ɗaya na ƙetare tsagar ɗaya na riƙe da kaya.

Lambar nauyin da ake rubutawa a takardar taya, yawanci an gwada ta ne a gudun tafiyar ƙafa, kilomita 4 a sa'a, a ƙasa mai santsi, a ɗaki mai matsakaicin zafi. Injin mai batir kan wuce wannan gudu, kuma idan gudu ya ƙaru, nauyin da tayar za ta iya ɗauka raguwa yake yi.

Dalili shi ne zafi. Duk juyi ɗaya, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa ya dawo, kuma kowace lotsawa tana haifar da ɗan zafi a cikin naman tayar. Foliyuretan ba ya sakin zafi da sauri, sai ya taru a ciki, kusa da ƙarfe, daidai inda manni yake. Mafi yawan nau'o'insa suna fara rauni idan zafi ya kai wajen digiri 80. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40 a inuwa, ballantana a ƙarƙashin rufin kwano. Tayar ta riga ta ci rabin hanya tun kafin a ɗora mata buhu ɗaya. Idan aka haɗa da doguwar zirga-zirga ba hutu a ranar lodin tireloli, sai manni ya saki, fata ta zame daga ƙarfe kamar an zare ta da hannu. Mai sito ya ce jabu ce, alhali dafuwa ta yi.

Maganin ba shi da tsada. A rage buhu a kan falet a tsakiyar rana, a rage gudu, a riƙa musanya injuna idan akwai fiye da ɗaya. Bayan sa'a guda ta aiki a tsayar da injin a taɓa tayar da bayan hannu. Idan hannu ba ya iya daɗewa a kanta, ciki ya fi haka zafi, a ba ta hutu.

Ruwa, tururi da takin zamani

Foliyuretan iri biyu ne a asali. Akwai na foliyesta, wanda ya fi jure gogayya, yanka da mai. Akwai na foliyita, wanda ya fi jure ruwa. Na foliyesta idan ya daɗe cikin danshi da zafi, ruwa na shiga ya karya sarƙar sinadaransa, sai ya yi danƙo ko ya riƙa marmashewa. Wanda ya taɓa ajiye takalmin sau-ciki shekaru a akwati, ya ɗauko ranar biki tafinsa ya ruguje, ya ga wannan ciwo da idonsa.

Ga masana'antar da ke turara shinkafa, inda ake jiƙa shanshera ana dafa ta da tururi, wannan magana ce babba. Injin da ke aiki kusa da tukwanen dafuwa ko inda ake wanke ƙasa kullum, na foliyita ya kamata a nema masa. Wanda ke busasshen sito na shinkafar da aka gama, na foliyesta ya fi masa. Haka ma tayoyin da aka saya aka ajiye: kada a jibge su a ƙasa a lungu mai laima ko bakin taga. A ɗora su a kan kanta, a inuwa, kuma kada a sayi na shekaru da yawa a lokaci guda.

Siton taki yana da tasa matsalar. Yuriya na jan danshi daga iska, musamman da damina, kuma yana sa ƙarfe tsatsa. Tsatsar kan fara daga gefe, ta bi ƙarƙashin fata tana ɗaga ta a hankali. Ruwan batir da ya zuba, sodar wanki mai ƙarfi da tina su ma suna cin foliyuretan. Inda ake cajin batir a tabbata ƙasar a bushe take kafin a ajiye injin.

Awon da za a yi kafin a aika kuɗi

Yawancin waɗannan tayoyi daga Kano ko Legas ake aiko su, kuma kuskuren milimita biyu na iya tsayar da aiki mako guda. Hoto a waya bai isa ba. A cire tsohuwar tayar a auna abu huɗu da kalifa, wato ma'aunin kauri na makanikai: faɗin da'irarta ta waje, tsawonta daga gefe zuwa gefe, kaurin shaf ɗin da ke ratsa ta, da tazarar da ke tsakanin kunnuwan ƙarfen da take zama. A tuna cewa tsohuwar ta cinye, don haka awonta ya gaza na asali. A duba lambar injin a jikin farantinsa a haɗa da awon.

A jak na hannu, tayar sitiyari galibi milimita 180 ko 200 ce da faɗin 50. Ƙananan kuwa, masu bibbiyu sukan zo 80 da 70 (da'ira da tsawo), masu ɗaiɗai 80 da 93, ko da yake akwai masu 74, 82 da 85. Wannan ɗan bambanci yana da tasiri: idan aka sa mai 85 a gurbin mai 80, cokali ba zai sauka sosai ba, ya ƙi shiga falet, ko tayar ta riƙa goga jikinsa. Boris ɗin da aka fi samu a cikinsu shi ne 6204, mai ramin milimita 20, da'irar waje 47, kauri 14.

Ga fokilif mai tayar da ake dannawa a kan wili, lambobi uku ne a jikinta da inci: da'irar waje, faɗi, da da'irar ciki, misali 21 da 7 da 15. Irin wannan sai da injin matsi mai ƙarfin tan da yawa ake cire ta a sa sabuwa. Guduma da wuta ba sa yi, lalata wilin kawai za su yi. Kuma kada a sauya wa injin nau'in taya daga wanda masana'anta ta sa masa ba tare da an duba littafinsa ba, domin nauyin da aka rubuta zai iya ɗagawa an lissafa shi ne da irin wannan tayar.

Zaren buhu da ƙurar hunturu

Abin da ya fi kashe ƙananan tayoyi a sito-siton hatsi shi ne zaren ɗinkin buhu. Shi da zare-zaren buhun da ya yage da ledar naɗe falet, suna nannaɗewa a shaf tsakanin taya da ƙarfe, su matse, su tura murfin boris ciki. Ƙurar hunturu da garin ɓuntu su bi ta nan su haɗu da giris su zama kamar yashi. Boris ya cije, taya ta daina juyawa, lebura ya ci gaba da ja da ƙarfin tsiya, gefe ɗaya ya goge ya zama fili. Daga nan sai ka ji jak na ƙwanƙwasa ƙasa a kowane juyi.

A nemi boris mai alamar 2RS, wato mai murfin roba a gefe biyu. Mai alamar ZZ murfin ƙarfe gare shi, akwai 'yar rata, ƙura na shiga. A kowace safiya a kwantar da jak a juya kowace taya da hannu, a zare abin da ya naɗe da wuƙa ko lanƙwasasshiyar waya. Aikin minti biyar ne. A share hanyar injin kafin a fara lodi da bayan an gama, musamman ƙusoshin falet da gutsattsarin katako. Kada a wanke taya da kananzir ko gas, kada kuma a harba mata ruwan matsi, don duk suna wanke giris ɗin da ke cikin boris.

Abin da tsohuwar taya ke nunawa

Kafin a jefar da wadda ta mutu, a dube ta, domin ita za ta nuna abin da zai kashe sabuwar. Idan fata ta rabu da ƙarfe ƙarfen yana fes, ko dai zafi ne ko manni bai kama ba tun daga masana'anta. Idan aka ga alamar narkewa ko ƙyalli a cikin fatar, zafi ne. Idan ƙarfen ya yi tsatsa, danshi ne ko taki. Idan kuwa sabuwa ce, ba narkewa, ba tsatsa, ba a kuma wuce nauyi ba, to mai sayarwa ne ke da amsa, kuma ya dace a mayar masa.

Gutsurewa a gefe tana nuna karo da bakin tirela, ƙarfen ƙofa ko fasasshen daɓe. Cinyewa a ɓangare ɗaya tana nuna shaf ko sandar da ke ƙarƙashin cokali ta lanƙwashe, kuma sabuwar taya ba za ta gyara wannan ba. Fili a fuska iri biyu ne. Wanda ya samu don an kwana da kaya a kan jak, sau da yawa yana bajewa bayan 'yan mintuna na tafiya, ko da yake maimaita hakan na mayar da shi na dindindin, don haka a sauke cokula ƙasa duk lokacin da aka tashi aiki. Wanda gogewa ta haifar ba ya dawowa. A tayar ja ta injin mai batir, yana zuwa ne daga direban da ke fizgar injin har taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ko mai juya sitiyari injin na tsaye da kaya.

Ga ƙananan tayoyin jak, ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce a canza idan da'irar ta ragu da kusan milimita 6 daga ta asali. Ga manyan injuna, littafin kowane inji ya faɗi iyakarsa.

Yadda ake canzawa

A jak na hannu, a kifa shi ko a kwantar da shi a gefe. A buge ɗan fil ɗin da ke riƙe shaf da siririn ƙarfe da guduma, a turo shaf waje, a lura da jerin washa-washan gefe don a mayar da su yadda suke. A goge shaf, a mirgina shi a kan tebur a ga ko ya lanƙwashe, a shafa giris kaɗan, a sa sabuwar taya da sabon fil. Ƙusa ba ta maye gurbin fil. Tayar sitiyari kuwa, murfi ake cirewa, a buɗe zoben makulli da filayarsa, a zare ta. Wajen sa boris a cikin taya, a danna zoben waje kawai, dukan zoben ciki na lalata shi tun kafin ya fara aiki.

Kullum a canza hagu da dama tare. Ga injin da ke ɗaga kaya sama, wannan batun rai ne. Idan tazarar tayoyin biyu mita ɗaya ce, ɗaya ɓangaren ya fi ɗaya tsawo da milimita 5, to a tsayin mita 6 kayan sun karkace da santimita 3, kuma tan guda ne ke lilo a saman kan mutane. Kafin a taɓa injin mai batir a cire wayar batir, a ɗaga shi da jak, a tokare da katako mai ƙarfi, kada kowa ya sa hannu ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe. A ɗaure notuna a gicciye, ɗaya da na gabansa, gwargwadon ƙarfin da littafi ya faɗa, a sake duba su bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki. Idan injin na da ƙananan tayoyin tallafi a gefen tayar ja, a daidaita tsayinsu, domin sabuwar tayar ta fi tsohuwa tsawo.

Inda ra'ayi ya rabu, da wanda ke ɗaukar asarar

Wasu masu sito sun gaji, sun koma farar tayar nailan mai tauri. Hujjarsu tana da ƙarfi: ta fi araha, ba ta da mannin da zai saki, ruwa da taki ba sa damunta sosai, kuma tana da sauƙin turawa. A siton taki ko wurin jiƙa, a jak na hannu, zaɓi ne mai ma'ana. Amma tana da ƙara, tana santsi a gangare, ƙaramar tsakuwa na tsayar da ita cak, kuma tana farfasa bakin gaɓoɓin daɓe. Gyaran daɓe ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba, kuma sai an kwashe kaya an rufe sashen. Wasu kan raba gardama su sa nailan a cokula, foliyuretan a sitiyari.

Akwai kuma masu kai tsohon ƙarfe a sake zuba masa fata. Ga babbar tayar ja mai tsada, hakan na iya fin sayen sabuwa, muddin mai aikin yana goge ƙarfen da yashin matsi, yana shafa maganin manni, yana kuma gasawa yadda ya kamata. Ga ƙananan tayoyin jak bai cancanci wahalar ba. Liƙa fatar da ta ɓare da gam kuwa ɓata lokaci ne.

Tun da da kuɗin waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin naira, shi ya sa ake jan ƙafa wajen canzawa. Amma kafin asarar ta iso aljihun mai sito, ta riga ta bi ta jikin lebura. Jak mai cijajjen boris da mutum ɗaya ya kamata ya tura, sai mutum uku, da ciwon baya da kafaɗa a ƙarshen yini. Cokalin da ya sauka ƙasa saboda cinyewar taya yana jan daɓe yana yaga buhun ƙasa. Direban tirela na kwana a layi, 'yan dakon da ake biya bisa yawan lodi su tashi da rabin abin da suka saba samu. Siton da ke da jak uku ko huɗu ya kamata ya ajiye saiti ɗaya na ƙananan tayoyi, boris huɗu da fil-fil a kanta, a kuma rubuta ranar da aka sa kowace taya a jikin injin, don a san wane dillali ne kayansa ke kai shekara.